Gayyar Filin Ƙwallo

Shekaru kaɗan bayan Nijar ta samu mulkin kai, akwai wata makarantar kwana ta samari a gefen garin Tawa ta ƙasar Adar, tana da filin ƙwallo wanda sunan fili ma alfarma aka yi masa. Fako ne mai tsakuwa, babu katanga, babu inuwa. Awakin unguwa suna ratsa shi ana tsakiyar wasa, ƴan kallo kuma suna tsaye a rana har ƙeyarsu ta gasu. In manyan gari za su zo, sai a kwaso musu kujerun aji, a tashi wasa a mayar da rabinsu da karyayyar ƙafa.

Mai kula da wasannin samarin shi ne Mushe Attahir, wato Malam Attahir a bakin ƴan bokon Nijar, ɗan wani ƙauye a ƙasar Bambeye. Tun yana ƙarami aka ɗauke shi zuwa lakwal, wato makarantar boko, mahaifinsa kuma ya rasu da wuri, sai kawunsa Arzika, Sarkin Noman ƙauyen, ya riƙe shi. Attahir ba ya ƙarya, ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa guda ne: bakinsa yana riga tunaninsa isa wuri.

Diraktan makarantar, Mushe Almustafa, mutumin Damagaram ne, mai kirki, mai son a ga abu ya yi kyau. A wannan shekarar ya ƙudura sai an zagaye filin da katangar dutse, an kuma gina rumfar ƴan kallo mai matakala, kafin bikin Jamhuriya na watan Disamba, domin ƴan wasan Ƙonni za su zo. Abin da gwamnati ta ba makarantar na shekara bai kai ko'ina ba. Don haka ya karɓi kwanon rufi da siminti bashi a wurin Alhaji Yunusu, wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, a kan za a riƙa biya daga kuɗin shiga kallo. Saura dutse da masu ɗauko shi.

Wata safiya bayan an gama girbi, dirakta ya kira Attahir ofis ya ce masa zai koma wurin Alhaji ya ƙaro rance, a ɗauki lebura da mota.

Attahir ya ce, "Mushe, bashin nan ya isa haka. A Adar kuma mu sayi dutse? Ƙasar da in ka yi tuntuɓe da dutse ɗaya, kan wani za ka faɗi?"

"Dutsen ba zai tako da ƙafarsa ba, Mushe Attahir."

"Sai in kira gayya. Mutanenmu sun gama aikin gona, jakuna suna zaune."

"Nawa za su ci mana?"

"Ko dala. Fura, tuwo, goro, sai ɗan abin da za a ba makaɗa."

Dirakta ya ji daɗi har ya tashi ya kama hannunsa. Shi ɗan birni ne, ba a zarge shi ba. Amma Attahir, wanda ya tashi yana bin gangar noma, bai kamata ya ce gayya ba ta cin ko dala ba. Gayya bashi ce, kuma ta fi na Alhaji nauyi, domin shi Alhaji ana iya ba shi haƙuri ya jira wata mai zuwa.

Ya hau kekensa ya nufi gida. Ya tarar da Kawu Arzika a gindin gawo yana tufkar igiya, dattawan ƙauyen suna zaune tare da shi. Bayan an gaisa, an tambayi mutanen birni da iyali, Attahir ya faɗi abin da ya kawo shi.

Arzika bai ɗaga kai daga igiyarsa ba. Ya ce, "Katanga? Mi za a shibka ciki?"

"Ba a shibka komi, Kawu. Ƙwallo ake yi."

"To mi kuke tsoron awaki su ci?"

Dattawa suka kwashe da dariya, shi ma Attahir ya yi. Ya yi musu bayanin baƙin da za su zo daga Ƙonni, da kunyar da za a sha in an tsayar da su a rana kamar masu jiran awo. Wannan ta shige su, domin ba mai son a ce mutanen Ƙonni sun zo Adar sun koma suna dariya.

Arzika ya ajiye igiyar. "Mun ji, ɗan lakwal. Amma ka san gayya da ramuwa take tahiya. Ku da ba ku da gona, da mi za ku rama muna?"

"Da hannu, Kawu. Samarinmu sun fi ɗari, kusan dukansu ɗiyan manoma ne, daga Afala, daga Tebaram, daga ko'ina. Ranar da kunka kira, mu zo."

Wani dattijo mai suna Talle, wanda yake da ƴaƴa maza uku da suka riga suka ɗaure kayan tafiya cin rani, ya matso. "Noman hwari?"

"Noman fari, Baba Talle."

Arzika ya dube shi sosai. "Wannan bakinka ne ko bakin Mushenku babba?"

"Bakina ne."

"To nau bakin yana bisa naka. Ku kun ji." Dattawa suka ce sun ji. Aka raba goro, magana ta ƙare.

Gayyar ta yi kyau, wannan ba a musu. Mutanen ƙauyen suka iso Tawa da jakuna da mangaloli, suka sauka a farfajiyar makarantar. Ƴaƴan Talle da wasu samari da dama suka ɗage tafiyarsu ta kudu. Tun da sanyin safiya ganga take tashi, a hau tudun da ke bayan gari, a riƙa gangaro da jan dutse layi layi. Ƴan makaranta suna fita daga aji su tuɓe riguna su shiga cikinsu, suna miƙa wa magina. Matan malamai suka haɗa tukwane, Zaliha matar Attahir ce a kan fura. Da yamma, in an tashi aiki, sai a jefa ƙwallo a tsakiya don nishaɗi, manoma su bi ta da gudu gaba ɗaya kamar an saki kaza a kasuwa, kowa yana dariya har da hawaye. Kafin su koma gida, dutse ya taru ya fi abin da ake nema.

Ranar biki rumfar ta cika maƙil, sabon kwano yana ƙyalli, manya suna zaune a inuwa kan matakalar siminti. Ƴan Tawa suka ci wasan da ƙyar. Mutanen Ƙonni suka yaba ginin, dirakta ya yi kwana da kwanaki yana murmushi shi kaɗai. Daga nan filin ya zama na gari duka. Kulob ɗin ƴan kasuwa da masu sana'a, wanda wani tela mai suna Ciɗo yake shugabanta, ya mayar da nan wurin atisayensa na kowace yamma. Kuɗin ƙofa yana shigowa kaɗan kaɗan, ana kai wa Alhaji Yunusu, shi kuma ba ya matsawa. Attahir yana tafiya a gari ana nuna shi, ana cewa ga wanda ya kawo dutse kyauta.

Rani ya wuce, bazara ta zo da zafinta. Aka yi jarrabawa, aka rufe makaranta a ƙarshen watan Yuni kamar kowace shekara, samari suka ɗaure akwatunansu kowa ya kama hanyar garinsu. Ruwan shuka ya sauka mai kyau, aka bi shi da wani.

Ranar wata kasuwar Lahadi, wani mai jaki daga ƙauyen ya yi sallama a gidan Attahir da ke cikin makarantar, ya miƙa masa goro a ƙulle cikin ganye. Ya ce Sarkin Noma yana gaishe shi, ya ce a faɗa masa hatsi ya fito, ciyawa ma ta fito, gayya ranar Alhamis.

Attahir ya karɓi goron ya yi godiya, ya raka mutumin har bakin hanya. Yana juyowa idonsa ya sauka kan ɗakunan kwanan samari, tagoginsu a rufe, tabarmi a naɗe, ba kowa sai ƙadangaru. Ya tsaya a wurin kamar an kafa shi.

Ba wai ya manta da alkawarin ba ne. Sau da yawa yakan tuna shi da jin daɗi, yana hango samarinsa jere a gonar kawunsa. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya ajiye watan noman fari kusa da watan hutu ya dube su tare. Tun yana yaro shekararsa take farawa a Oktoba ta ƙare a Yuni, damina kuma ta zama wani fili ne kawai a tsakani. Su kuwa mutanen ƙauye da rani suke shigowa gari, kuma duk lokacin da suka shigo suna ganin makarantar cike. Ba wanda ya yi wa wani ƙarya. Kowa dai ya lissafa da shekararsa.

Da ya faɗa wa Zaliha, sai ta ajiye ludayin da ke hannunta. Ta ce, "Kai da aka yanke wa cibiya a bakin gona, sai yau ka san watan da ciyawa take fitowa?"

"Ba wannan na tambaye ki ba."

"Ai ba ka tambaye ni komi ba, shi ya sa. To tun da abin ya faru, kada ka bari sai Alhamis. Ka isa kafin mata su fara daka. Yanzu rumbuna sun yi ƙasa. In suka daka hatsin mutum ɗari, kuka zo ku biyar, wannan ba za a yafe maka ba."

Ya je gidan dirakta ya tarar ana ɗaure masa kaya, zai tafi hutu Damagaram. Mushe Almustafa ya saurare shi har ƙarshe, ya cire tabarau ya murje idanu.

Ya ce, "Sai mu aika wa iyayen, a dawo da yaran ko na mako guda."

"Kowane ɗayansu yanzu yana duƙe a gonar ubansa, Mushe. In mun ɗauko su, mun cire ciyawa a Bambeye mun dasa ta a Afala."

"To in koma wurin Alhaji. Mu aika musu kuɗi su ɗauki ƴan ƙwadago."

"Wa za a ɗauka? A wannan makon ko makaho yana da gonar da yake lalube. Kuma in na miƙa wa Kawu kuɗi, na gaya masa ke nan lebura muka ɗauke su tun farko, ba mu dai faɗa musu ba. Gara in je hannu wofi."

Dirakta ya ce, "Ni na ce maka nawa za su ci, ka ce ko dala."

"Na faɗa."

"Ni kuma ban ƙara tambaya ba, saboda amsar ta yi mini daɗi." Ya juya ya ce a kwance kayan.

Da la'asar Attahir ya je fili. Ƴan kulob ɗin Ciɗo suna atisaye, tela da bakanike da mahauci da ɗan tireda, yawancinsu baƙi daga Maraɗi, Damagaram da Sakkwato, waɗanda ba su da ko taki ɗaya na gona a Adar. Ya bari suka sha ruwa, sannan ya faɗa musu halin da ake ciki ba tare da ado ba.

Ciɗo ya ce, "Mushe, dubi hannun nan. Allura kawai ya sani. In na kama hauya, wa zai ɗinka wa matan gari kayan suna?"

Mahaucin ya ce, "Ai ɗinkin naka ma kamar da hauya kake yin sa."

Aka yi dariya. Attahir ya ce, "Ba zan rufe muku ƙofa ba, ko kun je ko ba ku je ba. Amma ku sani, katangar nan da ta hana awaki shiga tsakanin ƙafafunku ba a biya ta ba. Masu ita suna can ciyawa tana cin hatsinsu."

Ciɗo ya dubi katangar, ya dubi mutanensa, ya yi tsaki. "Akwai fura dai ko?"

"Akwai."

"To ta ji nono. Kuma duk wanda ya ga na duƙa, kada ya kawo labarin gari."

Kashegari Attahir ya riga su tafiya a kan keke, yana tura shi inda hanya ta yi taɓo. Ya shiga ƙauyen da rana, ya ji ba a fara daka ba, ya yi hamdala a zuciyarsa. Gonaki kuwa sun yi kore shar tun daga bakin gari, kuma ya lura an faɗaɗa su. Wuraren da ya sani saura ne tun yana yaro, bana an share an shuka.

Ya nemi a tara dattawa. Bai tsaya kewaye-kewaye ba. Ya ce samari ba sa nan, sun tafi hutu, ba za su dawo ba sai Oktoba, kuma ya kamata ya san haka tun ranar da ya buɗe baki. Waɗanda ya samu ba su kai ashirin ba, kuma ba manoma ba ne.

Talle ya miƙe tsaye. "Ka ga gonar can ta bakin kwari? Don hannuwa ɗari na shibke ta. Ɗiyana sun makara ga tahiya, sunka iske an kama wuraren aiki, sunka dawo da abin da bai kai ya kawo ba. Duk don ku zamna inuwa ku kalli ƙatti suna bin hwata!"

Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri, domin gaskiya ya faɗa. Attahir ya sunkuyar da kai. Abin da ya fi ƙona shi shi ne kawunsa, wanda ya ɗora bakinsa bisa nasa, mutumin da a ƙauyen nan ba a taɓa neman shaida a kan maganarsa ba.

Daga ƙarshe Arzika ya tashi ya shiga gida. Ya fito da hauya ya jefa ta gaban Attahir.

Ya ce, "Ba mu ce ka kawo muna bayani ba, hannu munka ce. Ka zo da biyu, to a hwara da su. Rana ba ta hwaɗi ba."

Attahir ya cire rigarsa ta birni ya rataye a reshe, ya bi Talle zuwa gonar bakin kwari. Rabonsa da noma tun yana saurayi. Kafin magariba tafin hannunsa ya yi bororo, bayansa ya ƙi miƙewa. Talle yana gaba yana aikinsa, bai waiwayo ba ko sau ɗaya.

Ranar Alhamis da hantsi motar kaya ta tsaya a bakin gari, ƴan kulob suka diro da gajerun wandunan wasa. Na ƙarshe da ya sauko shi ne Mushe Almustafa, da hular kwano a kai da farin takalmi. Mutanen ƙauye suka fito kallo. Makaɗin da aka ajiye domin mutum ɗari ya dube su, ya ƙirga da ido, ya girgiza kai, sannan ya rataya gangarsa duk da haka.

An sha dariya a wannan rana. Ciɗo ya shiga da ƙarfinsa, ya share kunya guda tas, ciyawa da hatsi gaba ɗaya, ya tsaya yana jiran yabo. Wata tsohuwa mai gonar ta bi bayansa tana tsince hatsinta tana mayarwa ƙasa, tana cewa, "Wannan in shi aka ba riga, har da mai rigar zai yanke." Mahaucin ya fi kowa ƙarfi, amma duk sara ɗaya sai ya miƙe ya huta. Dirakta ya kama layinsa yana bi a hankali, gumi yana ɗiga daga tabaransa. Ƴan matan da suka kawo fura suka laƙaba masa suna Mai Farin Takalmi, ko da yake zuwa lokacin takalmin ya daina zama fari.

Arzika ne yake raba gonaki, kamar yadda sarautarsa ta ba shi. Ya fara da na matan da mazansu suka rasu, ya bi da na waɗanda suka ba da jakuna da yawa, sannan ta Talle. Tasa ya sa ta a ƙarshe. Kwana biyu da farawa ƴan birnin suka gane hatsi daga ciyawa, aikinsu ya fara zama aiki. Da yamma samarin ƙauye suna tsokanarsu, su kuma suna ramawa da labarin yadda manoma suka bi ƙwallo a Tawa. Amma hannu ashirin ba ya zama ɗari don an yi raha. Da mako ya ƙare, ƴan kulob suka koma shagunansu, kuma akwai gonakin da ba a taɓa ba.

Kafin dirakta ya hau mota, ya nemi ganin dattawa. Ya tsuguna a gabansu, abin da ba su taɓa ganin babban mushe ya yi ba. Ya ce wannan bashi na makaranta ne, ba na Attahir shi kaɗai ba. Abin da ya rage za a biya shi da kaka, domin a lokacin samari sun dawo, kuma wannan karon ya duba watan da kyau kafin ya yi magana.

Talle ya ce, "Hatsin da ciyawa ta ci ba a girbe shi da kaka."

"Haka ne, Baba."

"To mu gani."

Attahir bai bi motar ba. Ya aika wa Zaliha cewa sai an buɗe makaranta, ita kuma ta aiko masa da tsofaffin riguna da man kaɗanya na shafa wa hannu. Ya yi daminar nan duka a ƙauye, yana fita da masu fita, yau gonar wannan gobe ta wancan, har aka yi maimai. Bororon hannunsa ya fashe, ya warke, ya zama kanta. Mutane suka daina yin shiru in ya iso majalisa. Gonar Arzika ta nesa kuwa ba a kai gare ta a kan lokaci ba, ƙarangiya ta cinye fiye da rabinta. Wata rana suka bi ta gefenta su biyu, Attahir ya buɗe baki zai yi magana, kawunsa ya ce, "Na gani, ba sai ka nuna mani ba. Tahi mu tahi."

Damina ta yi albarka a wannan shekarar. Da aka buɗe makaranta, hatsi ya nuna, dirakta ya cika maganarsa. Samari fiye da ɗari suka iso ƙauyen, wasu a mota wasu a ƙasa, kuma su ba sai an koya musu ba. Suka bazu cikin gonaki suna yanka, suna ɗaure dammuna, suna ɗauka a ka zuwa rumbuna, ganga tana binsu. Aikin da kan ɗauki ƙauyen makonni ya ƙare kafin tsuntsaye da tururuwa su ci rabonsu. Ƴaƴan Talle suka samu tafiya kudu da wuri. Bai maye abin da ciyawa ta ci ba, kuma ba wanda ya yi kamar ya maye. Amma da yammacin ranar ƙarshe, Arzika ya tsaya a gaban jama'a ya ce tsakanin ƙauyen da lakwal babu sauran komi. Aka dubi Talle. Talle ya tauna goronsa ya tofar, ya ce shi ma ya ji.

Attahir yana ɗaure kayansa a bayan keke, sai wani maƙwabcin kawunsa mai suna Sani ya zo ya ja shi gefe. Yana son aron raƙumin Talle ya kai wake kasuwar Tawa, Talle kuma ya ce sai da wanda zai tsaya masa.

"Ni kake so in tsaya maka wurin Baba Talle? Ka rasa mutane a garin nan?"

"Shi ya ce kai."

Suka je suka same shi a ƙofar gida yana gyaran akala. Talle bai dubi Sani ba, ya dubi Attahir. Ya ce, "In ka tsaya, ya ɗauka."

Attahir ya gane an sake yarda da bakinsa, abin da ya rasa tun ranar kasuwar nan ta Lahadi. Bakinsa ya buɗe zai ce ya tsaya, sai ya kama shi. Ya jingine keken a bango, ya zauna a ƙasa, ya ce wa Sani shi ma ya zauna.

Ya ce, "Wace rana za ka maido shi? Kuma a ranar, ina kai kake, ina raƙumin yake? Faɗa mini a hankali, ba sauri nake ba."